Yohanna a Cikin Na'urar Gem Ɗina

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da yaron da ake nema ido rufe ya leƙo ta talabijin ɗina ya kira uwarsa ba. Har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi, daga baya kunya ta zo ta kori tsoron.

Lokacin ina da shekara talatin da takwas, ma'aikacin gwamnatin jiha, mai 'ya'ya uku da tumbi (tumbin yana nan har gobe). Ba na shan taba, ba na yawon banza, amma a ba ni gem na ƙwallo sai in manta da abinci. Na yi ta tara kuɗi har aka kawo min na'urar gem ta gwanjo 'yar Kwatano, asalinta ta Japan, rubutunta duk kamar kaji sun yi tone-tone. Matsalar ita ce duk faifan da na saya a Jimeta sai ta ƙi shi. Sai na kai ta shagon Oga Chidi, wani ɗan ƙabilar Ibo mai gyara a kasuwa. Ya kwance ta, ya cire mata takunkumi, ya zuba min wasanni fiye da arba'in a cikinta.

Kuskuren da na yi shi ne ba Malam Bakari labari a ofis. Mutumin ya fara karatun lauya bai gama ba, kuma a kanmu yake huce haushi.

"Subhanallahi! Ka fasa na'ura?" in ji shi, yana rage murya. "Da faifanka ne da ka saya ka kwafa don ajiya, da sai a yi jayayya. Amma a zuba maka kayan da ba ka biya masu shi ba? A Turai ɗauri ne. Ma'aikacin gwamnati kuwa, takardar kora."

Tun daga ranar na tsara ƙaryata na haddace ta kamar karatun allo: sabuwa ce fil a kwali, da wasanninta ta zo daga kamfani, ba hannun da ya taɓa ta. Ko matata Adda Hauwa abin da na faɗa mata ke nan.

Duk wannan ya faru ne 'yan makonni bayan 'yan bindiga sun faɗa wa Mubi, jama'a sun gudo. Wanda ya zauna a Jimeta a shekarar ya san yadda garin ya koma: kowane gida cike da baƙi, mutane na magana ƙasa-ƙasa, taya ta fashe a titi sai ka ga kasuwa ta watse. Mu aka ba mu Mama Rifkatu, gwaggon wata abokiyar aikin matata. Da zani ɗaya ta iso. Wayarta ta faɗi a daji, ɗanta Yohanna kuma, saurayi ɗan makaranta, tun ranar gudu ba wanda ya sake ganinsa. Muka saya mata ƙaramar waya. Lamba ɗaya take kira, tasa, safe da yamma, kullum a kashe.

Ranar Asabar ɗin da azahar aka kawo wuta. Mama Rifkatu ta shigo falo za ta sa caji, ni kuma ina fama da rubutun Japan ina neman wasana. Ban san me na danna ba. Allon ya yi baƙi ƙirin, ya ɗan jima a haka, sai ga wani saurayi cikin farar riga har ƙasa, shi kaɗai a wani ɗaki. Ya matso har fuskarsa ta cika allon. Ya yi murmushi, ya ɗaga hannu.

"Mama, kina ganina?"

Wayar ta suɓuce daga hannunta. Ba ta yi ihu ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. A hankali ta taka har gaban talabijin ta ɗora tafin hannunta a kan gilashin.

"Yohanna," ta ce. "Ina ganinka."

Allon ya sake yin baƙi. A daidai nan aka ɗauke wuta, fanka ta yi ta juyi tana rage gudu. Sannan Mama Rifkatu ta juyo.

"Ɗana, wannan abin a ina ka samu?"

Ga gaskiya a bakina, kalma uku ce kawai: shagon Oga Chidi. Amma sai na hango Malam Bakari, na hango takardar kora. (Ku duba fa, mace na neman ɗanta, ni ina lissafin fansho.) Na ce, "Mama, sabuwa ce fil daga Japan. Ba wanda ya taɓa ta."

Ta gyaɗa kai. "To ya zo sallama ne. Ya sa fari. Yana wurin Ubangiji."

Kafin la'asar labari ya zaga unguwa. Matan zumunta na majami'arsu suka cika tsakar gidanmu suna waƙoƙin makoki a hankali. Maƙwabtanmu Musulmi suka yi ta shigowa gaisuwa. Ni na ɗauko benci, ni na sayo sukarin kunu, har ina karɓar "Allah ya ba da haƙuri" ina amsawa da amin. Mama Rifkatu ta daina kiran lambar nan. Wannan ya fi komai ci min rai, amma ban buɗe baki ba.

Abin dariyar, ni ma tsoro ya kama ni. Na lulluɓe talabijin da zanin gado. Da rana tsaka ba na iya zama a falon ni kaɗai, gani nake in na ɗaga zanin zan tarar da shi yana kallona. Ƙaryar da na ƙera da hannuna ta fara razana ni.

Rana ta uku fastonsu ya zo addu'a. Ya ce in tashi in gaya wa jama'a abin da na gani, tunda a gidana aka yi abin al'ajabin. Na miƙe, mutum kusan hamsin sun zuba min ido.

"Ka tabbata ba hannun ɗan Adam a ciki?" ya tambaya.

Na kalli Mama Rifkatu. Ta rame a kwana ukun nan, wayar na cinyarta a kashe. Sai na ji muryata ta fita kamar ta ɗan akuya.

"An fasa ta. A kasuwa. Wasannin duk na kwafi ne. Don Allah kada a kai maganar ofis."

Wata tsohuwa ta tambayi ta kusa da ita, "Wa aka fasa?" Adda Hauwa kuwa ta saki ludayin kunu ta ce da ni, "Hamma, kai ɗin? Saboda wasan yara?" Da ƙasa za ta tsage, wallahi da na shige har da tumbin.

A mota ɗaya muka tafi kasuwa, ni da fasto da Mama Rifkatu. Oga Chidi ya saurare mu, ya riƙe kai.

"Chai! Oga, ni ba ya zuba gem ɗaya-ɗaya, man janareta zai ƙare. Wanda injin nashi ya fi cika, shi nake juye duka wa kowa. Hoto, bidiyo, komai yana bi."

Bidiyon ashe tsoho ne, Yohanna ya ɗauki kansa da rigar mawaƙan majami'a, ya ajiye a tasa na'urar. Mama Rifkatu ta dafa teburin.

"Mai injin, yaushe ya zo?"

"Bayan gudu, Mama. Ya zo da ƙafa a kumbure, ya sayar min don ya ci abinci. Ya ce yana sansanin Malkohi."

Ban taɓa gudu da mota irin na ranar ba. A Malkohi, sansanin 'yan gudun hijira, muka samu sunansa a rajista, muka samu tabarmarsa, muka samu abokin kwanansa. Shi ya gaya mana Yohanna ya hau babbar mota jiya da safe, ya nufi sansanonin bakin iyaka neman mahaifiyarsa.

Jiya da safe. Ina can ina jera benci.

Sai da aka ƙara wata huɗu kafin suka haɗu, da ransa da lafiyarsa, alhamdu lillahi. Mama Rifkatu ba ta taɓa zagina ba. A hanyar dawowa daga Malkohi ne kawai ta ce, tana kallon taga, "Ɗana, da ka faɗa ranar Asabar, da yau da shi zan ci tuwo."

Shekarun baya na tambayi lauya na gaske ko fasa na'ura laifi ne. Ya ce ya danganta. Ofis kuwa ba wanda ya ko tambaye ni. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, to tawa kam ta yi, kuma baiwar Allahn da ba ruwanta ce ta yi wata huɗu tana ci.