Ranar da Na Binne Darbejiya da Ledarta

Abin da ba zan taɓa mantawa da shi ba shi ne ranar da ni da 'yan ƙungiyarmu muka kai dashen itatuwa wani ƙauye a bayan Giade. Ni malamin kimiyya ne a Azare, kuma a kan sauyin yanayi na yi digirina na biyu (duk wanda ya zauna da ni minti biyar sai ya ji wannan labarin).

A mota ina ta karanta wani littafin barkwanci, labarin wani masani mai cika baki da ya ce zai ceto duniya daga zafi, alhali ko gidansa ya kasa riƙewa. Dariya nake har da hawaye, ina cewa Allah ya raba mu da irinsu.

Mai garin ya riga ya ce ba zai ba da fili ba sai mutanensa sun gamsu, domin an sha kawo musu dashe yana mutuwa. Idan suka ƙi, wahalarmu ta shekara guda ta tashi a banza. Don haka na zage na yi jawabin kusan awa ɗaya a kan zafi da kwararowar hamada, har da Turancin da ba wanda ya tambaye ni. Da na gama aka miƙo mini darbejiya ta farko. Na durƙusa, na saka ta a rami, na tura ƙasa, na daddanna, na miƙe ina jiran tafi.

Ko mutum ɗaya bai tafa ba.

Can sai wani dattijo makiyayi, Malam Buba, ya matso ya ce, "Malam, ku a makarantarku da ledar ake binne ta?"

Wallahi da baƙar ledar da aka rene ta a ciki na dasa ta. Shekara da shekaru ina rubutu a kan bishiya, ban taɓa dasa ko ɗaya da hannuna ba. Kunya ta kama ni, na ji kamar in ciro bishiyar in shige ramin.

Da ƙyar na ce, "Baba, ban iya ba. Nuna mini."

Ya tono ta, ya yage ledar a hankali don kada ƙasar saiwar ta watse, ya mayar da ita. Mai gari ya gama dariyarsa ya ce, "Tunda kana jin gyara, ga fili nan. Ku kawo dashen, mu za mu dasa."

Yau itatuwan nan sun fi ni tsayi, awaki na kwana a inuwarsu. Ni kuwa duk inda aka miƙo mini lasifika, sai na fara tambaya ko akwai aikin hannu bayan jawabi. Idan akwai, to minti uku nake yi in zauna.