Tulun da Kuka Binne a Gonata

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Fina-finai na Hasken Maraice, Dutse, Allah ya ƙara basira.

Bayan gaisuwa irin ta manomi ga masu ɗaukar hoto, ni ne Malam Barau na Unguwar Falalu a ƙasar Taura, mai gonar nan da kuka ara da rani kuka ɗauki fim ɗinku, "Tulun Mu'az". In ka manta da ni, na san ba ka manta da tsamiyata ba, don ta fi jarumin naku yin kyau a hoto.

Ranka ya daɗe, mako shida muka yi muna kallon fim ɗin a talabijin ɗin mai shayi. Mun ga Mu'az ya tono tulun zinariya a gindin tsamiya. Mun ga abinci ya gagare shi, yana ta saƙa da warwara: ya riƙe ne, ko ya nemi magada? Ni kaina sai da na share hawaye. Ƙorafina ɗan kaɗan ne.

Na ɗaya. Wane mai hikima ne ya ba ku shawarar ƙarshen nan? Da Mu'az ya raba wa marayu, ko ya tafi Makka, ko ma ya cinye a tsire, da lafiya muke. Sai kuka sa ya mayar da tulun cikin rami, ya tura ƙasa, ya tattake, ya tafi yana istigfari. An ce a Dutse darasi aka ɗauka. A garinmu wurin aka gane, don babu wanda bai san tsamiyar nan da amyar zuma da ke rataye a reshenta ba.

Na biyu. Duk Juma'a in na tafi masallaci, na dawo sai in tarar da sabon rami. Mutanen da in an kira gayyar gyaran hanya kowa bayansa ke ciwo, su ne yanzu Allah ya ba lafiya. Har daga Miga an zo da diga a kan babur. Na yi bayani har bakina ya bushe, cewa zinariyar tsakuwa ce, ni na ɗebo ta a kwando, mai ɗakina Larai ta wanke, ma'aikatanku suka fesa mata fenti. Tulun ma na Larai ne, ga shi can da ruwan sha a ciki. Sai a gyaɗa kai a ce ai abin da mai zinariya zai faɗa ke nan. To me wanda ba shi da ita yake faɗa, ranka ya daɗe? Ku da kuka iya tsara magana, ku rubuto mini in haddace.

Na uku. An naɗa ni Alhaji ban taɓa wuce Kano ba. Wannan ban cika jin haushinsa ba.

Na huɗu, kuma shi ya sa na ɗauki biro. Tsamiyar nan ita ce iyaka tsakanina da maƙwabcina Malam Gwadabe. Ba mu da takarda, iyayenmu ma ba su da ita. 'Ya'yan da suka faɗo gabas nasa ne, na yamma nawa, inuwa kuwa tamu ce. Shekara talatin a nan muke ajiye fartanya mu sha fura a ƙwarya ɗaya. Ga shi Malam Gwadabe ya kai magana gaban dagaci, wai gindin bishiyar a gonarsa yake, kuma ranar Alhamis za a zauna. Yanzu in mun haɗu gaisuwar baƙi yake yi mini. Wallahi wannan ya fi duk ramukan yi mini ciwo.

Larai ta ce in dai zan rubuta, in rubuta duka. To shi ke nan. Wata Talata da hantsi na tsaya ina kallon ramukan, sai zuciya ta ce mini anya jama'a da yawa haka duk su yi kuskure? Ni fa, da na ɗebo tsakuwar a kaina. Na sa fartanya, na ci karo da wani abu mai tauri, na koma gida na ɗauko gatari. Saiwar da ta fi kowace kauri ce, kuma ni na datse ta. Ina ɗago kai na ga Malam Gwadabe tsaye a gonarsa yana kallona. Washegari ya tafi wurin dagaci. Tun ranar tsamiyar ta karkata gabas, ita ma ta bi bayansa, ga damina a bakin ƙofa da iskarta.

Saboda haka ina roƙo, kaina a ƙasa. Ku zo kafin Alhamis da na'urarku da gwangwanin fentin nan. Ku fesa wa tsakuwa a gaban dagaci da Malam Gwadabe, ku nuna a talabijin, tunda ita kaɗai ake yarda da ita. Ku taho da Mu'az ɗin ma ya taya mu cike ramuka, mun ga ya iya. In kuma za ku sake wani fim, don Allah ku bar talakan ya ci arzikinsa, ya yi nadamar daga baya kamar kowa.

Ban nemi diyya ba, ranka ya daɗe. Har yau Larai ludayi biyu take saka mini a ƙwaryar fura, ɗaya yana komawa gida a bushe.

Naka mai biyayya ko a fim ko a fili,

Malam Barau Unguwar Falalu,
Alhajin da bai je ba.