Amin ga Babban Admin

A cikin ni'imomin da Allah ya yi wa Birnin Gwari, bayan ƙasar noma da ruwan sama, sai a ambaci Kwamared Alhaji Abdulkahar, Babban Admin. Shi ne mutumin da ya gano cewa wayar hannu ba don a ji juna aka ƙera ta ba, don a ji shi ne. A kasuwa taki da maganin feshi yake sayarwa. Ya taɓa neman kansila, jama'a suka ga girmansa ya wuce kujerar, suka ba wani. Matasa suna kiransa Gidan Rediyo, sai dai ba su yi masa adalci ba, domin rediyo ana iya murɗa shi a koma wata tasha.

Asalin mulkinsa guruf ne na Wasaf mai suna Ina Labarin Hanya. Mailafiya direba ne ya buɗe shi, saboda a ƙasarmu mutum ba ya ɗaura kaya a kan babur sai ya tambayi yadda daji ya kwana. Wanda ya fito daga Kuyello ya ce lafiya, wanda ya biyo ta Randagi ya ce a dakata, shi ke nan. Magana biyu, rai ya tsira. To, Mailafiya mutum ne mai ganin girman manya, sai ya ɗora Alhaji a matsayin admin don ya taya shi. Samun wuri, kuturu da gaɗa cikin rama. Ba a yi nisa ba Alhaji ya cire Mailafiya daga guruf ɗin, bisa laifin rubuta "hanya lafiya" ba tare da ya fara gaida shugabanci ba.

Daga ranar aka shiga sabon zamani. Alhaji ba ya rubutu, a cewarsa rubutu aikin ƙananan membobi ne. Saƙon murya yake aikawa, kuma kowane saƙo da irin buɗewarsa:

"Assalamu alaikum wa rahmatullahi ta'ala wa barakatuhu. Ina gaida iyayenmu sarakuna, da hakimai, da dagatai, da masu unguwanni. Ina gaida malamanmu na sunna da na ɗariƙa, ban ware kowa ba. Ina gaida 'yan kasuwa, da ma'aikata masu ci da waɗanda suka yi ritaya. Mai magana shi ne naku, Kwamared Alhaji Abdulkahar, Babban Admin, wanda ba ya barci don ku yi barci..."

Kafin ya iso kan abin da ya kawo shi, mace ta daka, ta tankaɗe, ta ɗora tukunya. Mutum ya ci wahala ya sayi data, ya hau katanga ya ɗaga waya sama yana roƙon sabis, saƙo ya yi ta juyawa yana sauka, ƙarshenta ya tarar Alhaji ne ke sanar da al'umma cewa ya yi aski. Ranar Juma'a kuwa sai hoton furanni da na kansa cikin babbar riga, sun cika waya har ta riƙa kukan ba wuri.

Da ya lura ba a cika tanka masa ba, sai ya kafa doka. Duk saƙon da Babban Admin ya aiko, wajibi ne kowane memba ya amsa da Amin kafin rana ta faɗi, in ba haka ba a cire shi. Ɗalha, wani makiyayi da ke kiwo a gefen Dogon Dawa, shi ya fara ɗanɗana hukuncin, don ya yini a daji inda babu sabis. Mutanenmu kuwa ba su da gardama. Suka koyi hikimar da ta fi sauƙi: da zarar sun ga saƙon Alhaji, sai su rubuta Amin su mayar da waya aljihu, ba wanda ya danna ya saurara. Alhaji ya riƙa kallon Amin na zubowa yana shafa gemu, yana faɗa wa matarsa Huraira cewa bai taɓa ganin al'umma mai son shugabanta irin wannan ba. Huraira ta ce, "Haka ne, Alhaji." Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Ana nan sai aka gayyace shi suna a Dogon Dawa. Al'adar tafiya a wannan hanya kowa ya san ta: a tafi a ayari, a dawo a ayari, kuma a baro can tun rana na da ƙarfi. Aka ci, aka sha, aka yi addu'a, abokan tafiya suka tayar da babura. Sai wani mara tausayi ya miƙa wa Alhaji lasifika. Ya fara daga iyayenmu sarakuna. Abokan tafiya suka jira har ya iso kan masu unguwanni, suka dubi rana, suka dubi juna, suka kama hanya.

Bayan la'asar ya taso shi kaɗai, riga na kaɗawa a iska. Ya yi nisa cikin daji, inda ba gida gaba ba gida baya, taya ta fashe. Ya sauka ya duba gabas, ya duba yamma. Nan fa tsoro ya kama shi, kuma ba zan yi masa dariya a kan wannan ba, domin duk ɗan ƙasar nan ya san abin da ake nufi da magariba ta riski mutum a wannan wuri. Ya ciro waya. Babu kati, don duk abin da ya samu data yake saye. Caji ya yi ja. Sabis kuwa sai da ya tattare riga ya hau kan wani suri kafin ya ga sanda ɗaya tana leƙowa tana ɓuya.

Mutum irin ni da kai zai rubuta, "Tayata ta fashe a hanyar Dogon Dawa, a taimaka." Amma Babban Admin ba ya rubutu, kuma ba ya tura wa mutum ɗaya saƙo, al'umma yake yi wa jawabi. Ya gyara hula, ya yi gyaran murya, ya danna.

"Assalamu alaikum wa rahmatullahi ta'ala wa barakatuhu. Ina gaida iyayenmu sarakuna..."

Yana tsakiyar malamai sai ga Ɗalha ya biyo da shanunsa za su koma ruga. Ya ga babur a kwance, ya ga dattijo a kan suri yana magana da iska.

"Baba Alhaji, lafiya kuwa?"

Alhaji ya ɗaga masa hannu da fuska a murtuke, alamar a yi shiru, shugaba na kan jawabi. Ɗalha ya tsaya jim, shanu suka fara watsewa, ya bi abinsa.

Daga ƙarshe dai Alhaji ya iso kan taya, ya roƙi a turo masa agaji don girman Allah. Ya tura. Saƙon ya yi ta juyawa, ya yi ta juyawa, har Allah ya sa ya tafi. Sai amsoshi suka fara shigowa.

Amin.

Amin ya Allah.

Amin, Babban Admin, Allah ya ƙara basira.

Wani ma har da hoton fure. Bai taɓa samun biyayya cikin sauri irin ta wannan yammaci ba. Yana kallon Amin ɗin matarsa Huraira wayar ta ɗauke.

Ya zauna a gindin suri, ya rungume gwiwa, yana karanto duk addu'ar da ya sani, a gajarce kuma, ba tare da ya gaida kowa ba. Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa sai ya ji ƙugin mota. Ya yi wuf ya kwanta cikin ciyawa da babbar rigarsa. Ashe Mailafiya ne da a-kori-kura cike da buhunan masara.

"Alhaji, fito, ni ne. Rigarka ai tun daga nesa ake hango ta."

Aka ɗora babur a kan masara. Gaban mota cike yake da mata masu goyo, don haka aka ɗora Babban Admin a gefen babur. A haka ya shigo gari, ƙaiƙayi na cin sa, ciyawa a hula, amma zuciyarsa fari ƙal, domin ya tabbata jawabinsa ne ya girgiza al'umma. Da suka tsaya a ƙofar gida ya dafa kafaɗar direban.

"Mailafiya, ka ga amfanin sauraron shugabanci. Wa ya tura maka jawabina, alhali ba ka cikin guruf?"

"Wane jawabi, Alhaji? Ɗalha ne ya sa a ɗaya guruf ɗin."

"Wane ɗaya guruf?"

Mailafiya ya miƙa masa waya. Sunansa Labarin Hanya Kawai. Duk garin na ciki, har limamin unguwa, har yaran shagonsa na taki. Ga saƙon Ɗalha nan, ko sallama babu: "Admin na kan suri, babur ya mutu, a je a ɗauko." A ƙasa kuma wata lamba da ya haddace tun kafin a ƙirƙiro Wasaf ta amsa, "Mailafiya, don Allah ka biya, maigidana ne." Kusa da sunan Huraira an rubuta admin.

Washegari da safe, da waya ta cika da caji, Alhaji ya zauna a kan tabarma, ya buɗe tsohon guruf ɗinsa. A karon farko tun da ya hau mulki bai gaida iyayenmu sarakuna ba. Saƙon gajere ne, numfashi ɗaya.

"Munafukai, maciya amana! Allah ya raba ni da ku!"

Nan da nan Amin ta fara zubowa, har daga waɗanda a da sai dab da faɗuwar rana suke amsawa. Wannan karon kam ina da yaƙinin sun saurara.