Ranar da Na Tashi Makaranta da Agogon Makka

Akwai wata Laraba da ba zan taɓa mantawa da ita ba, ina aji biyar a makarantarmu ta 'yan mata a Ƙauran Namoda. Ni ce mai buga ƙararrawa. An ba ni aikin ne don ba na makara kuma ba na surutu, ni kuma na karɓa don ƙarfe ne zai yi magana ba ni ba. (Ƙararrawar tsohon gammon tayar mota ce da aka rataye a jikin dogonyaro.)

Ranar agogon hannuna ya tsaya, ga hadari ya rufe rana. Na lallaɓa ɗakin kwamfuta in duba lokaci, na tarar da Malama Rahila tana shirin fita. Ta ce batirin agogon kwamfutar ya mutu, kullum sai an saita.

"Kin ga nan? Ki zaɓi saba ɗaya. Wata kwamfuta ce can nesa mai riƙe da lokaci daidai, tamu za ta tambaye ta. Wannan kawai za ki taɓa. Kin gane?"

Na gyaɗa kai. Ni dai kowace tambaya gyaɗa kai nake yi mata.

Da ta fita na bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, sai na ga wadda aka ce ta Saudiyya ce. Na ce yauwa, ina za a sami lokacin da ya fi na ƙasa mai tsarki gaskiya? Da a nan na tsaya da ba abin da zai faru, don daga baya na gane duk sabobin lokaci ɗaya suke bayarwa. Amma sai na hango wani gurbi da ke tambayar yankin da muke, an rubuta Legas. Na ga bai dace saba tana Saudiyya yanki yana Legas ba, na mayar da shi can shi ma.

Agogo ya nuna ƙarfe biyu. Lokacin tashi.

Abin haushin, na lura da komai. Ban ji kiran azahar ba, na ce wataƙila lasifikar masallaci ce ta lalace. Mai awarar da ke zuwa kullum dab da tashi ba ta kafa kaskonta a bakin ƙofa ba, na ce tsoron ruwa take. Ko yunwa ban ji ba. Duk na ƙaryata su, na je na narka wa ƙarfen nan duka da iya ƙarfina.

Kafin malamai su zaro wayoyinsu, makaranta ta watse. 'Yan garin Banga har sun tare mota, 'yan aji ɗaya sun kai bakin titi suna tsalle. Shugabar makaranta ta fito gyale a hannu.

"Ke ɗiyag ga, mi kika aikata? Sha biyu fa yanzu ta yi!"

Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "A Makka biyu ta yi."

Malama Rahila ta juya mana baya, tana danne dariya.

Washegari aka tsayar da ni gaban taron safe, wurin da na shekara biyar ina ɓuya a bayan dogaye don kada a gan ni. Aka karɓe sandar ƙarfen aka ba wata. Balkisu, wadda muke zama benci ɗaya, ta raɗa mini, "Sannu da dawowa Hajiya, ina tsarabarmu? Ko dabino babu?" Sunan ya bi ni har gida, yanzu ko kakata da shi take kirana.

Tun daga ranar, in kwamfuta ta faɗa mini lokaci, sai na leƙa taga na ga ko mai awara ta yarda.