Cindo da Baƙin Ruwan Marina

A garin Kwarin Shuni akwai wani gida a bayan marina, mutum uku ne a cikinsa: tsohuwa Iya Tasalla, da babban ɗanta Sallau marini, da ƙanensa Cindo. Cindo har ya tara gemu, amma yadda magana ta shiga kunnensa haka yake aikata ta, ba ragi ba ƙari. Tun da marina suka bar shunin baba suka koma galurar kanti, ruwan da suke zubarwa yake gangarawa rafi baƙi ƙirin. Kifi ya mutu, lambun Iya ya ƙone, ƙafafun mata masu wanki suka tsattsage. Mutanen gari suka fara cewa a tashi marinar.

Wata rana Malama Suwaiba, wata mai binciken ruwa, ta zo daga birni. Ta gaya wa marina cewa naman kaza, farin nan mai tsirowa a jikin ruɓaɓɓen icce, yana cinye launin rini. In ya gama, sai a tace ruwan da wata matata mai kama da tantani. Shigowar Cindo ke nan Sallau ya ce, "Je ka samo wa Malama naman kaza." Cindo ya nufi gida ya yanka kazar Iya, wadda ita kaɗai ta rage mata, tana kan kwanci. Iya ta dubi gashin a tsakar gida, ta shige ɗaki.

Wata rana Malama ta ɗaura matatar a bakin durom, za ta je salla, ta ce, "Cindo, ka sa ido a kan matatar nan." Cindo ya sunkuya ya manna idonsa a kai, ya danna, har tantanin ya yage. Rini ya shiga idon ya kumbura suntum. Matata biyu rak Malama ta zo da su, saura ɗaya.

Wata rana kuma ta nuna masa naman kazar da take reno a cikin garin katako a durom, ta ce abin yana son shan iska. Tana juya baya Cindo ya ɗora durom ɗin a baro, ya zaga da shi kasuwa da bakin tasha, rana tsaka, yana nuna masa gari. Kafin la'asar naman kazar ya bushe ƙamas. Malama ta gwada tace ruwan haka nan, matatar ta toshe nan take. Ta zauna a kan dutse ta daɗe tana kallon rafin, washegari ta hau mota. Sallau, da ya gaji da zagin maƙwabta, ya ɗaure kayansa zai tafi birni dako.

Yana bakin ƙofa ya nuna durom ɗin ya ce wa Cindo, "Kwashe tarkacen nan ka zuba inda ba mai gani." Cindo ya je juji, ya tarar awaki suna kallo. Ya je bayan gari, ya ɗaga kai, rana tana kallo. Daga ƙarshe ya rarrafa ƙarƙashin kwalbatin da ruwan marina ke bi, cikin duhu da laima da tsofaffin kututture, ya juye a can.

Bayan 'yan makonni mata suka lura ruwa yana shiga kwalbatin baƙi, yana fitowa kamar shayi marar kauri. Aka aika wa Malama. Da ta zo ta ji inda Cindo ya juye durom ɗin, sai ta ce inuwa da laima ne suka farfaɗo da naman kazar, ya kama kututturan. Ta zuba ruwan a matatar da ta wanke, ya wuce tas bai toshe ba. Maganar tashin marina ta kwanta, amma Sallau bai dawo ba, ba wanda ya san unguwar da yake.

Malama ta durƙusa za ta leƙa kwalbatin, Cindo ya tare ta da sanda.

"Yaya ya ce inda ba mai gani."

"To yaya zan yi, Cindo?"

"Ki jira ya dawo ya ce a gani."

Ya zauna a bakin kwalbatin, ya juya masa baya, yana duban hanyar mota.