Tiyon da Bai Kai Ba

Da Malam ya rasu, har yau ina kukansa, 'yata Falmata ta ce za ta riƙe sana'arsa ta wankin kafet da ƙaramin inji na hannu. Na dage sai babba na cikin mota, don darajar ubanta.

Ta ce, "Iya, lungunanmu fa?"

Na ce, "Ni na haife ki ko ke kika haife ni?"

Aikinmu na farko a unguwar Limanti, mota ta kasa shiga lungu, tiyon injin bai kai gidan ba. A ka muka ɗauko kafet, muka wanke a bakin titi, mutane na ta dariya. Cikin masu dariyar muka samu aikin gida uku.

Har yau masu shaguna na tambayata, "Hajja, tiyo ya kai kuwa?"