Yadda Za Ka Gane Ruɓar Katako Kafin Surukarka Ta Taka

Tsohon gidan kakanka mai daɓen katako ya faɗo hannunka, kana ta murnar barin haya. Sai matarka ta ce ita da yara ba za su kwana a ciki ba sai mahaifiyarta ta zo ta duba. Kai kuma, da yake baki shi ke yanka wuya, ka riga ka ce ka san katako kamar yunwar cikinka. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari ranar za ka san irin ruɓar da ke gidanka, sani na haƙiƙa.

1. Shinshina

Ruɓa iri biyu ce, akwai jiƙaƙƙiya, akwai busasshiya. Durƙusa ka kai hanci ƙasa. In ka ji warin tsumman da aka manta a bokiti, jiƙaƙƙiya ce. In kuma ka ji ƙamshi-ƙamshin fumfuna, ka ga wani farin abu kamar auduga a lungu, busasshiya ce. In maƙwabci ya leƙo ya same ka a haka, ce masa ɗan kunnen matarka kake nema.

2. Soka

Ɗauko sukudireba ka caka. Katako ya yi baƙi, ya lotsa kamar soso? Jiƙaƙƙiya ce, malalaciya, tana nan zaune gindin bututun da ke yoyo, ba ta zuwa ko'ina. Ya tsattsage ya marmashe a hannunka? Wannan ita ce busasshiya, uwar yawo, ta cikin bango take bi har ɗakin barci. In sukudireban ya shige duka bai dawo ba, yafe masa.

3. Kada ka kira kafinta

Kafinta ba ya da sirri. Zai tsaya tsakar falo ya riƙe haɓa ya ce, “Kai! Maigida, wa ya ce ka shigo nan da nauyinka?” Ana jin muryarsa har titi.

4. Gyara falon

Inda ya lotsa, shimfiɗa kafet. Inda ya marmashe, ɗora tukunyar fure. Katakon da ya rage da lafiya, nan za ka ajiye wa Mama, surukar taka, kujera. Masana sun ce ruɓar da ido bai gani ba rabin ruɓa ce. Masanan nan ni ne.

5. Gaisuwa

A nan ake yin ta. Mama ta zauna a wuri mai kyau, kai kuwa dole ka tsuguna gabanta, kuma gabanta kafet ne. Ɗan mutunci ba ya miƙewa suruka ba ta gama gaisuwa ba. Ita kuwa ba ta gajarta ta.

“Ya aiki, ɗan nan?”

“Da godiya, Mama.” Ƙasa ta ce ƙiii.

“Ya wajen su Baba? Ya ƙafar tasa? Gwaggonka ta dawo?”

“Lafiya ƙalau, Mama.” Kanka na sunkuye don ladabi, kana kallon kafet yana haɗiye idon sawunka. Daure, ba ta kai kan yaran ƙaninka ba tukuna.

6. Karanta sakamako

In ka nutse a hankali, wando ya jiƙe, jiƙaƙƙiya ce, ka yi sa'a. In ka zurma gaba ɗaya, jar ƙura ta tashi, busasshiya ce. Ko wacce ce, daga cikin ramin ka ɗago ka sanar da Mama da muryar masani.

Mama za ta leƙo, ta dubi matarka ta ce, “Yaron nan akwai ladabi, dubi har inda ya rusuna. Ku dawo gidan. Ni ma zan zauna da ku, sai na ga an canza kowane katako da idona.”

Togaciya

Mai wannan rubutu bai taɓa ganin gidanka ba, bai san surukarka ba, kuma ba ya son ya san ta. Targaɗe, yagewar wando, da baƙuwar da ta zo duba gida ta aika a kawo mata akwatunanta, duk naka ne kai kaɗai. Alkawarin sani na yi maka, ban ce zan ciro ka ba.